Ku Tambayi Anti: Kayan Zamiyar Ƙanƙara Na Yara, Ba Sai An Tatike Aljihu Ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan watan wasiƙun da suka taru min kusan duk hanya ɗaya suka bi, sanyi ya kawo kai, 'yan uwanmu da ke zaune a ƙasashen ƙanƙara hankalinsu ya tashi a kan kayan yara, musamman waɗanda za a kai wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, wanda a nan muke ce wa siki. Guda huɗu na ɗauko. Masu tambayar girki da masu rigimar dangin miji ku yi min haƙuri sai wata mai kamawa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Anti barka da aiki, dan Allah ki taimaka min da shawara wallahi kaina ya kulle. Bara muka zo Calgary ni da maigidana, shi yana karatu ni kuma ina ɗan aikin awoyi, yaronmu shekararsa 4 da rabi. Toh abokansa na makaranta duk an sa su ajin koyon siki shi ma ya addabe mu kullum sai kuka, babansa ya ce a sa shi duk Asabar daga watan Janairu. Na shiga wani shago na duba jaket da wando kawai na ga kuɗin ya doshi dala 300, ban ma zo kan safar hannu da hular kwano da tabarau ba, da na lissafa shi a naira sai da na nemi wuri na zauna. Kuma yaron nan girma yake kamar ana hura shi, takalmin da na saya masa da bazara har ya matse shi. Wata ta ce in sayi na hannu amma ni gaskiya ina jin nauyi kar a ga ɗana da gwanjo a ƙasar mutane. Ya zan yi?
Maman yaro, Calgary, Kanada

AMSA: Ƙanwata, da farko dai ki daina juya dala zuwa naira in kina cikin shago, hawan jini kawai za ki ja wa kanki. Sannan maganar jin nauyin gwanjo, bari in gama dariyata tukun. Mu da muka taso ana kai mu Ƙofar Wambai a zaɓo mana rigar sanyi in hunturu ya shigo, yau mu ne za mu zo Kanada mu ce muna kunyar kayan hannu? Su 'yan ƙasar da kike jin nauyinsu, ki je filin ranar Asabar ki leƙa cikin wuyan jaket ɗin yaran da aka rataye, za ki ga suna biyu ko uku an rubuta da maka an soke an sake rubuta wani, wato daga wa zuwa ƙane zuwa ɗan maƙwabta. Ba talauci ba ne, lissafi ne, rigar da yaro zai sa sanyi ɗaya ko biyu ta yi masa kaɗan wa zai zuba mata kuɗin hayar ɗaki.

Amma kafin mu je kasuwa bari in ba ki labarin wautar da na tafka, don ita ce wautar da kusan dukkanmu muke yi. Shekarar da na fara kai 'yata filin siki na cikin garin Calgary da aka yi gasar Olamfik ta lokacin sanyi a 1988, shirin hunturun Kano na yi mata. Singileti biyu na auduga, riga mai dogon hannu ita ma auduga, suwaita, wandon jins a ciki, safa biyu, na ɗora ƙatuwar jaket mai tsada a kai, yarinya ta fito tana tafiya kamar buhun gero, ni kuwa ina ta yaba wa kaina. Ko minti 40 ba a yi ba malamar ta riƙo hannunta ta kawo min ita tana kuka haƙoranta na haɗuwa. Muna shiga ɗakin ɗumi matar nan ba ta ce min komai ba, hannuna kawai ta kama ta tura a bayan yarinyar ƙarƙashin kayan, singiletin nan jagab yake da gumi, kuma sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. A ranar na gane ashe ba yawan kaya ne ke hana sanyi ba. Yaro yana ta faɗuwa yana tashi yana jan ƙarafunan zamiyar nan a ƙafa dole ya yi gumi, ita kuma auduga in ta sha ruwa riƙe shi take yi ba ta saki, da ya tsaya a layi na minti biyar sai jiƙaƙƙen kayan ya koma masa firij a jiki. Jaket ɗin da na kashe wa kuɗi ba ta da laifi, ba ta kuma yi amfani ba.

Don haka hawa uku ake yi, ba bakwai ba. Na jikin fata riga da dogon wando masu kama jiki, na foliyesta ko na ulu, ki juya lakabin ki karanta, in kin ga auduga ajiye musu kayansu ko da kyauta ne. Ulun merino shi ne sarki amma da tsada, na foliyesta kuma arha ne a Walmart ko Costco, ya wadatar wa yaron da zai yi awa ɗaya ko biyu a waje. A kansa sai suwaita ta filis, yadin nan mai laushi kamar bargon jarirai, wannan kam ko a shagon gwanjo na Value Village kika shiga za ki samu da 'yan canji, kar ma ki yi tunanin sabo. Sai na waje, jaket da wando masu hana ruwa da iska shiga. Shi kenan fa. In rana ta yi ɗumi, kin san halin garinku da iskar nan ta cinuk da za ta sauko daga duwatsu cikin 'yan awoyi ki ga ƙanƙara na narkewa a watan Janairu, sai a cire filis ɗin a jefa a jaka.

Jaket da wando su ne za ki saya na hannu. Ki duba shafukan intanet na saye da sayarwa irin su Facebook Marketplace da Kijiji, da shagunan kayan yara na hannu na Once Upon a Child, kuma da kaka, wajajen Oktoba, ƙungiyoyin siki kan yi kasuwar tsofaffin kaya, in ta wuce ki bana ki sa ta a kalanda don baɗi. Ki tambayi iyayen ajinsu ma, wallahi wata neman wanda za ta ba wa take yi don ya rage mata tarkace a gida. In kin je gani kar ki tsaya kallon kala, ki fara da gwiwa da mazaunai don nan yaro ke gurzawa, ki ja zif sama da ƙasa sau uku, ki juya cikin ki ga ko an manne ɗinkin da wani siririn tef, shi ke hana ruwa bi ta ramin allura. Ki ɗiga ruwa kaɗan daga gorarki a kan hannun rigar, in ya dunƙule ya gangare lafiya lau, in ya nutse wurin ya yi duhu to maganin hana ruwan ya gaji, ana iya farfaɗo da shi da magani irin su Nikwax amma sai ki nemi ragi. A kan sababbi za ki ga an rubuta lamba kamar 5,000 mm ko 10,000 mm, ma'aunin ƙarfin ruwan da yadin zai iya tarewa ne. Ƙanƙarar Calgary busasshiya ce kamar garin rogo, in yaro ya tashi kakkaɓewa kawai ake yi, 5,000 ta ishe ku, mutanen Vancouver da tasu ke zuwa a jiƙe su ne ke da dalilin neman babbar lamba. Wandon ki nemi mai igiyar kafaɗa wanda ya hau har ƙirji, don in ya faɗi ƙanƙara ba za ta shige masa ta ƙugu ba, kuma igiyar ana sassauta ta baɗi ya ƙara sawa.

Kar ki saya masa irin wanda riga da wando ke haɗe a ɗinki ɗaya. Na san yana da kyau a hoto kuma ya fi ɗumi, ga 'yan shekara biyu masu famfas shi ne daidai. Amma ɗan shekara 4 ba ya faɗa miki yana jin fitsari sai ya zo bakin ƙofa, ki yi tunanin ki a banɗaki kina kokawa da hular kwano da safar hannu da zif tun daga wuya, hannayen rigar suna jan ruwan ƙasa shi kuma yana tsalle yana Mama yi sauri. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba.

Inda nake so ki saki hannu shi ne tafin hannu da tafin ƙafa, su ne ke mayar da yaro gida da kuka. Safar hannu ki sayi mai aljihu ɗaya, wadda yatsu huɗu ke zama wuri guda babban yatsa na gefe, ta fi mai yatsu biyar ɗumi don yatsun na ɗumama juna, kuma ba za ki ɓata minti goma kina neman inda ƙaramin yatsa ya shige ba. Ta zama mai hana ruwa, mai dogon wuya da zai hau kan hannun jaket, kuma ki sayi biyu don ɗaya sai ta jiƙe ko ta ɓata, wannan ba ko shakka. Irin ta saƙa da ake sayarwa a shagon dala ɗaya ta zuwa mota ce kawai. Safar ƙafa kuma guda ɗaya tak ake sawa, doguwa har gwiwa, ta ulu ko ta roba-roba, in kika ninka biyu takalmin zai matse jini ya kasa zagayawa ƙafar ta fi yin sanyi. Kuma ba a cusa komai cikin takalmin siki sai safar, robar nan da ke cikin ƙafar wando a kan takalmin ake jawo ta, ba ciki ba. Wuya kuma banda mayafi ko dogon sikaf mai jela, yana iya maƙalewa a kujerar lilon da ke hawa da mutane, ki sayi ɗan zagayayyen nan da ake zurawa ta kai.

Su ƙarafunan zamiyar da takalminsu kar ki saya, haya ake yi, ki tambayi inda kuka yi rajista ko kuɗin ajin ya haɗa da su da hular kwano. Yaron da ya yi kuka a sa shi yana iya yin kuka a cire shi bayan Asabar biyu, kin san halinsu. In kuma dole sai sabo zuciyarki ke so, ki jira 26 ga Disamba da ake karya farashi tunda ajin sai Janairu, na baɗi kuma ki saya a ƙarshen Fabrairu ko Maris lokacin da shaguna ke neman kai da kayan sanyi.

Abu biyu da ba na kuɗi ba. In za ki ɗaure shi a kujerar mota ki cire masa jaket ɗin tukun, kumburinta na sa bel ya zama kamar ya kama alhali da sako-sako, sai ki lulluɓa masa ita ta sama. Sannan ƙungiyar likitocin yara ta Kanada ta ce in sanyi, ko sanyi haɗe da iska, ya kai mainos 27 a ma'aunin Selsiyos, yara su zauna a gida. Ranar ko kin biya kuɗin aji ki haƙura ki dama masa kunu.

TAMBAYA: Salam Hajiya, Allah ya ƙara basira. Ni magidanci ne a ƙasar Ostiriya, 'yata mai shekara 5 makarantarsu ta rainon yara za su yi kwas na siki na sati ɗaya, sun ba mu takardar kayan da za a kawo. Matsalar hular kwano ce, mun gwada uku a shago duk sun ƙi zama a kanta sai su tsaya a sama kamar an kifa ƙwarya, mai shagon ya ce mu ɗauki ta manya. Maƙwabcinmu kuma ya ce zai ba mu tsohuwar ta ɗansa kyauta, ga kuma ta keke muna da ita a gida. Wacce za mu ɗauka a ciki, don gaskiya watan nan aljihu ba nauyi.
Baban 'yan mata, Graz

AMSA: Malam, amin na gode. Kafin in amsa ina da tambaya, wane kitso ne a kan yarinyar ranar da kuka je shagon? Don na rantse ba kaffara shuku ne, ko kuma an tara mata gashin a tsakiyar ka an jera duwatsu. Mai shago bai san wannan ba shi ya sa ya ce ku ɗauki ta manya, kuma kar ku yarda, hular da ta yi yawa in aka faɗi zamewa take yi ta bar goshin a buɗe. Ka roƙi maman ta yi mata kitso ƙanana kwantattu da suka tafi baya, jelar ta sauka can ƙasan ƙeya, ba duwatsu ba ribom mai ƙarfe, don duk abu mai tauri a ƙarƙashin hula in an bugu fatar kai zai danna. Bayan an gama kitson sai ka ɗauki tef ɗin tela ka zagaya kan ta saman gira kaɗan, santimitan da ka samu shi ne lambar hular, za ka ga an rubuta irin 48 zuwa 52 ko 52 zuwa 55 a jiki, yawanci kuma akwai ɗan abin murzawa a baya na ƙara matsewa. In ta sa, ta girgiza kai kafin a ɗaure maɗaurin haɓa, in hular ta tsaya cak ta yi. Kitson nan kuma shi za a bari har satin ya ƙare.

Ta keke a bar wa keke, ba a yi ta don sanyi ba, duk ramuka ce kuma ba ta rufe kunne. Ta maƙwabci kuwa, ni da na gama yi wa gwanjo kirari a sama, a nan ne kaɗai nake ja da baya. Cikin hular wani farin soso ne mai tauri da aka yi shi don ya murƙushe sau ɗaya ya shanye bugun, in ta taɓa shan ƙasa da ƙarfi za ka ga bayanta sumul alhali cikin ya tsage. In ka yarda da mutumin, ya tabbatar maka ba a taɓa faɗuwa da ita ba kuma ba ta shekara da shekaru a ɗakin ajiya ba, to ka karɓa ka yi godiya. In akwai kokwanto ka saya sabuwa mafi arha, ka dai duba cikinta ka ga an rubuta EN 1077, duk wadda ke da wannan ta ci jarrabawa ɗaya da mai tsadar, sauran kuɗin na suna ne da ado da rashin nauyi. Kuma ka sani a yawancin jihohin Ostiriya doka ce yara har zuwa shekara 15 su sa hular, ba ra'ayin makaranta ba ne.

Sauran kayan takardar kuwa kai ka ma fi mai tambayar farko sa'a. Shagunan Hofer da Lidl da Tchibo duk suna fito da kayan siki na yara in sanyi ya gabato, sai dai na 'yan kwanaki ne, ranar da aka zuba su iyaye ke wawashe ƙananan lambobi, ka riƙa duba takardar tallarsu ta mako. Akwai kuma kayan Wedze na shagon Decathlon, ga shafin intanet na willhaben don na hannu. Lambar kayan yara a wajenku tsawon yaro ce da santimita, 110, 116, 122, ka jingina ta da bango ka auna kafin ka fita. Tabarau ma kar ka tsallake shi, dusar ƙanƙara na iya mayar da har kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ido kuma bai san baƙi ko fari ba. Ka je da hular ka gwada su tare, kar a bar fili a goshi tsakaninsu. In tana sa hijabi, ɗan ƙarami mai kama kai wanda ake zurawa, ba fil ba allura, a tura jelarsa cikin jaket.

TAMBAYA: Assalamu alaikum 'yata. Jikata ce ke rubuta min wannan. Ɗana yana Minnesota ta Amurka da iyalinsa, sun turo min bidiyon takwaran marigayi maigidana, shekararsa 3, yana ta faɗuwa a cikin ƙanƙara suna dariya, ni ban ga abin dariya ba tausayi ya ba ni. Akwai mai tafiya wata mai zuwa, ina so in shiga kasuwa in haɗa masa kayan sanyi masu kauri in aika. Me zan saya?
Kakar yara, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, ina gaishe ku da kyau, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan Alhaji. Ku kwantar da hankalinku, faɗuwar nan ba ta da zafi, a kan abu mai laushi yake faɗawa kuma ɗan shekara 3 kusa yake da ƙasa.

Gaskiyar magana Hajiya, kayan da ke cikin dilar gwanjo daga irin ƙasashen nan suka taso, in kuka saya kuka aika kamar an mayar da su gida ne, an biya musu kuɗin jirgi sau biyu. Jaket da wandon ƙanƙara ku bar wa iyayensa, don sai an gwada a jikinsa, kuma a can za su samu na hannu a arha ba tare da sun cinye wa mai tafiya kilo 23 ɗinsa ba. Amma na san kaka, in ba ta aika komai ba barci ba zai yiwu ba. Toh ku sa jikar taku ta raka ku ranar da ake fasa dila, ta riƙa karanta lakabin, ku zaɓo suwaita ta ulu ko ta filis guda biyu, da doguwar safa ta ulu, da hular saƙa mai rufe kunne ta zuwa makaranta. Masu kauri sosai ba su ne ake nema ba, mara nauyi mai laushi wanda ba ya ƙaiƙayi ya fi, don a ƙarƙashin wata rigar za a sa. Ku tambayi uwar tsawonsa kafin ku fita, kar a bi shekaru, yaran can wani sa'in ɗan shekara 3 sai ya cike kayan ɗan 5.

In kuma kun ga wata jaket ta shiga ranku kun kasa haƙura, ku duba hularta, in akwai igiyar zuge wuya a zare ta gaba ɗaya. Tsofaffin kaya na zuwa da ita, a Turai kuwa ƙa'ida ta hana sa irin wannan igiya a wuyan kayan ƙananan yara saboda tana maƙalewa ta shaƙe su. A wanke komai a shanya ya bushe ƙarau kafin a ɗaure, ƙamshin dila ba ya ɓuya. Ragowar wurin jakar kuma ku cika da kuka da kuɓewa busasshiya da yaji, na tabbata surukarku za ta fi murna da su, amma banda kilishi, ma'aikatan filin jirgin Amurka ba sa barin nama ya shiga, kar a ja wa bawan Allah tara.

TAMBAYA: Anti ni tambayata gajeriya ce. Mijina ya ce mu sayi kayan da suka fi 'yarmu da lamba biyu ko uku don ta shekara uku tana sawa, ni kuma na ce za ta yi kama da mai aron kaya, mun kwana biyu muna ja. Sannan ni kullum sai na lafta mata basilin a fuska kafin ta fita kamar yadda ake mana da hunturu, wata 'yar ajinmu ta ce wai ba kyau, da gaske ne?
Ɗaliba, Oslo, Norwe

AMSA: 'Yar uwa ku raba gardamar biyu, lamba ɗaya a sama, ba uku ba. Ba maganar kyan gani ba ce, wandon da ya yi tsawo taka shi za ta yi ta faɗi ko ƙarfen ya yanke bakinsa, jaket mai faɗi kuma iska ke shiga ta ƙasa ta kore ɗumin da jiki ya tara, ga hannun riga ya rufe yatsu ta kasa riƙe komai. Ki sa mata filis ɗinta a ciki ta gwada, ta ɗaga hannu sama ta tsuguna, in cibiya ba ta fito ba kuma ba ta taka ƙafar wandon ba to ya yi. Ki faɗa wa maigida akwai dabarar da za ta faranta masa, wasu kamfanoni irin su Columbia da Burton suna naɗe ƙarin yadi a cikin hannun riga da ƙafar wando su ɗinke da zare mai wata kala, baɗi sai a warware zaren kayan su ƙara tsawo. In kuna duba na hannu a shafin intanet na Finn ki tambayi mai kayan ko an riga an warware. Abin da ya yi mata kaɗan kuma ku sayar ku ƙara a sayi na gaba, in an kula da shi ba ya faɗuwa warwas. Wajen wanki banda ruwan nan mai sa kaya laushi da ƙamshi, shi ke kashe maganin hana ruwan, kuma ba kullum ake wankewa ba, a goge taɓon da tsumma a rataye.

Basilin kuma, ƙawarki tana da gaskiya rabi. Yana hana fata bushewa da leɓe tsagewa, wannan ba musu, ni ma man kaɗanya ba ya yanke min a gida. Abin da ba ya yi shi ne hana sanyi cin fata, sai ma ya sa a ji kamar an kare alhali ba a kare ba. Ki shafa mata da dare bayan wanka, da safe kuma kaɗan a leɓe, kumatu da hanci kuwa rufe su ake yi da abin wuyan nan. Kuma ki riƙa duba ta da kanki, don duk bayanin da za su ba ki a makaranta cewa za a yi fata ta yi ja sannan ta yi fari, a fatarmu ba haka yake fitowa ba, sai dai ki ga wurin ya yi toka-toka ya dusashe, in kin taɓa ya ɗan yi tauri ita kuma ta ce ba ta ji. Kunne da kan hanci da yatsu za ki fi dubawa. In kin ga haka ku shiga ciki, kar ki murza, kar ki kanga ta a hita, ki ɗora tafin hannunki mai ɗumi a wurin ko ki sa yatsun a ruwa mai ɗumi-ɗumi irin na wankan jariri, in ya yi ƙuraje masu ruwa ko jin bai dawo ba ku wuce asibiti.